Tsamiyar Da Ta Koma Hagu

Birnin Kebbi,
ranar Asabar.

Zuwa ga iyalina Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Argungu lafiya. Ina gajiyar hanya? Yaya mai jiki? Yaya Rauda da ɗawainiyar jinyar miji, da 'yar tasu Humaira? Allah shi ba da lafiya, shi sa kaffara ne. Ni nan lafiya lau nike, sai gwiwar nan da kika sani, ita ma ba ta ƙaru ba.

Malam Kalilu maƙwabcinmu ne ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa. Ya ce in karɓi wayarsa in yi magana da ke kowa ya huta, na ce a'a. Maganar waya ana gamawa ta bi iska. Ni abin da zan faɗa so nike ya zauna a takarda, ko gobe a duba a ga ban ƙara ba ban rage ba. Na kuma san Rauda ce za ta karanta miki. Ta yi haƙuri da abin da za ta ji game da mijinta Izzuddeen, ba da ita nike ba.

Sunusi direba ya kawo mini saƙon ɗanki jiya bayan la'asar, an lulluɓe shi cikin kwali kamar ƙwai. Kin san tun da Izzuddeen ya zama malamin zane abu ɗaya na taɓa roƙonsa na sana'arsa. Ranar da anka tabbatar mini an sayar da lambun gari, za a sare itatuwa a gina shaguna, na ce ya zo ya ɗauke mini wurin a takarda yadda yake, don in na mutu a samu abin da zai nuna inda tsamiya ta tsaya. Ya zo bayan ƙaramar salla, ya zauna kan bencin simintin bakin ƙofa da wani allon jan ƙarfe da ya shafe da baƙin kaki, yana ta tsaga shi da allura kamar mai cire ƙaya a tafin ƙafa. Na ce ina takarda, ina launi? Ya ce in yi haƙuri, sai ya jiƙa allon cikin wani ruwa mai cin ƙarfe, ya cusa tawada cikin tsagogin, sannan ya danna shi kan takarda. Ban gane ba, ban kuma sake tambaya ba. Tun lokacin na ga yana yawan dafa cikinsa, na ɗauka daɗewar zama ce.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, yaron na da hannu. Hoton baƙi da fari ne, ba launi ko ɗigo, amma ga layin dogon yaron da na shuka shekarar da anka ba mu jiha, ga rijiya da gugarta, ga kujeru ba kowa a kansu, ga inuwa kwance a ƙasa irin ta hantsi kafin 'yan makaranta su taso. Shirun da ke ciki har sai ka ji kana sassauta murya. Kalilu ya ce kamar mutum ya cire takalmi ya shiga.

Amma tsamiya tana hagu.

Umma, ke shaida ce. Duk wanda ya shigo ta ƙofar titi ya fuskanci rijiya, tsamiya tana damarsa, wajen gabas. Haka take tun wurin yana gefen gonar babana, kafin a san wani abu wai shi lambun shaƙatawa. A gindinta na rufe 'yar farinmu daminar da ruwa ya yanke hanyar maƙabarta, ni da aminina marigayi Hammadu, muna haƙa ruwa na cika ramin. Ke kina ɗaki ba ki gani ba, amma kin san abin da ya sa, da anka karɓi filin, na bar noman shinkafa a Zauro na nemi aikin ban-ruwa a lambun. Kin san dalilin randar da ke gindin tsamiya, wadda ba ta taɓa wuni babu ruwa ba, kowa ya zo wucewa ya sha ladan ya je mata.

To ɗanki ya ɗauke tsamiyar ya kai ta yamma, ya ɗauko makewayin lambu ya dasa a gurbinta. Wannan bai ishe shi ba. Ya zana wani tsoho da hula irin tawa, fuskarsa na duban mai kallo, yana miƙa wa wata mai ɗauke da itace moɗar ruwa da hannun hagu. Ni Riskuwa! Sadakar yayarsa, da hagu! Ko karen lambu ban taɓa jefa wa ƙashi da hagu ba. Kuma Sunusi ya ce ba ɗaya ya buga ba, akwai wanda anka rataya a makarantarsu ɗalibai na kallo.

Na kifa hoton ƙarƙashin katifa. Ki faɗa masa ba fushi nike ba. Kalilu ya ɗago kai yana dubana, na ce ya rubuta abin da anka ce masa. Gyara nike so. Ya mai da tsamiya gabas, ya mai da moɗa dama, ranar zan hau motar Sunusi in zo duba shi. Kafin nan ma ba ni da halin barin gari. An fara kwance shingen lambu, in ba a ga mutum zaune a gindin itacen nan ba, safiya ɗaya za su kwantar da ita.

Ga maganin hawan jininki nan da kika manta a kan taga, ki riƙa sha. Ki gaida Rauda, ki shafa mini kan Humaira. Allah shi ƙara sauƙi.

Mijinki,
Riskuwa mai lambu.

*

Birnin Kebbi,
ranar Laraba.

Zuwa ga Umma,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa, da tambayar lafiyarki da ta mutanen gidan. Yaya kwanan mai jiki? Yaya ruwa wajenku? Nan mun samu mai yawa shekaranjiya, har ɗakin awaki ya yi yoyo, na toshe.

Takardarki ta iso, Kalilu ya karanta mini. Na ji abin da likita ya ce, hanta ce, da cewa idanunsa sun yi ɗorawa, ƙafafu sun kumbura. Na ji. Amma ki tuna Goggo ta Gulma ta yi irin wanga ciwo har anka fara kiran dangi, ta tashi ta yi shekaru tana zagin jikokinta. Ba likita ke riƙe da kwanan mutum ba.

Ƙunshin da ya aiko ma ya iso, allon ƙarfen nan naɗe cikin tsohon zanenki. Kin ce ya ce in duba ƙarfen, wai shi ne daidai, takarda ce ke juya abu. Ban kwance ba. Ni takarda anka aiko mini da sunan hoto, ita ce mutane ke gani, ita ce za ta saura bayan raina. Wa zai je neman wani ƙarfe a ɗakin malamin makaranta don ya san inda 'yata ke kwance?

Kalilu, da yake masinjan ofis ya yi har ya tsufa, sai ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon hatimin roba. Ya ce in duba, baƙaƙen da ke jikinsa a juye suke, sai an buga su miƙe. Na duba hatimin, na duba takardar da ya buga. Na ce Kalilu, ni da ban san gaban baƙin boko da bayansa ba, duka biyun tsutsotsi ne a wurina. Ya ce kaina ya fi gindin tsamiyar tauri. Na ce shi ya sa muke tsaye ni da ita har yau, shi kuwa ofis ɗinsa ko harsashi bai saura ba. Ya rantse ba zai ƙara rubuta mini komai ba. Ga shi yana rubutawa.

An fara sara daga yamma. Mangwaron da Hammadu ya shuka ranar sunan ɗansa ya faɗi Litinin. Gawon nan da mata masu zuwa asibiti ke shimfiɗa zane a ƙarƙashinsa ya bi shi. Ina zaune ina faɗa wa masu injin sunan wanda ya sa kowane itace a ƙasa da abin da ya faru shekarar, suna dariya suna cewa Baba ya fara. Ba su san tun da anka sallame ni aiki ba wanda ke biyana in zauna nan ba. Na je wurin mai unguwa, ya ce waɗanda sunka san zancen kabarin duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni.

Shugaban ma'aikatan, wani Tamba, mutum ne mai kunya, ba ya wuce ni bai rusuna ba. Na gaya masa akwai mutum kwance a gindin tsamiya. Ya cire hula ya yi addu'a, sannan ya ce ina alama, don masu wurin ba za su ji maganar baki ba. Na ce ni ne alamar. Ya ce muddin ina zaune ba zai kawo inji kusa da ni ba, amma ranar da ya zo bai tarar da ni ba, in yi masa uzuri, shi ma ɗan aike ne. To kin gani. Ba ƙin zuwa nike ba. In na hau mota yau, gobe ba tsamiya, hoton da zai maye gurbinta kuma ƙarya yake faɗa.

Ga tsamiya nan cikin leda na ba Sunusi, ta bara ce da na ajiye. Ki dama masa kunu mai ruwa-ruwa yadda yake so tun yana yaro, kada ki cika tsami. Ba sai kin ce daga ina ta fito ba.

Yana iya tashi zaune da kansa? In ya ci abu yana zama? Ki sa Rauda ta rubuta mini wannan dalla-dalla, ba don komai ba, don in san abin da zan faɗa wa masu tambaya a masallaci.

Allah shi tashi kafaɗunsa. A gaida kowa da kowa.

Naki,
Riskuwa.

*

Birnin Kebbi,
ranar Lahadi.

Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mai jiki, ina gaida Rauda. Allah shi saka mata da alheri.

Na karɓi takardarki. Kalilu ya kai tsakiya ya tsaya, ya ce ko a bari sai na ci abinci. Na ce ya ƙarasa.

Tun da anka kawo ki gidanmu daga Gulma ba ki taɓa ɗaga mini murya ba, sai ga shi kin ɗaga ta a takarda. Kin ce in na iso bayan an fita da shi, kada in nemi tabarma in zauna karɓar gaisuwa. Na ji wannan, na haɗiye. Amma kin kira sunanta, Umma. Ni da ke ba mu taɓa kiran sunan yarinyar nan ba. Tana raye kunyar ɗan fari ta hana mu, da ta tafi kuma sai bakin ya ƙi ɗauka. Sai ga shi kin sa surukarki ta rubuta shi, maƙwabci ya karanta mini da bakinsa: wai Mansura ta gama da duniya ba ta jiran kowa, Izzuddeen ne ke duban ƙofa duk sa'ad da anka yi sallama. Na tashi na fita, na bar Kalilu da takarda a hannu.

Da na dawo na kwance zanen. Sai da na karkata allon ga hasken ƙofa kafin na ga abin da ke jikinsa. Tsamiya tana dama. Makewayi yana yamma inda yake. Tsohon yana miƙa moɗa da dama kamar kowane ɗan Musulmi.

Kina tsammanin hankalina ya kwanta? Ƙaruwa abin ya yi. Da can na ɗauka mantuwa ce, boko da zaman Argungu sun shafe masa wurin. Ashe ya sani sarai. Ya ajiye daidai a ɗakinsa, ya fitar da karkatacce duniya ta gani. Kalilu na ta rantsuwa ba haka ba ne, amma na tambaye shi ko ya taɓa ganin an buga irin wanga hoto, ya ce ji ya yi. Ni abin da idona bai gani ba, hannuna bai taɓa ba, ba na ba da shaida a kansa. Da haka na riƙe tarihin wurin nan, ba a taɓa kama ni da ƙari ba.

Gobe zan tafi da allon lambu, in zauna inda ya zauna, in gwada shi da abin da ya saura itace bayan itace. Abin da na gani shi zan faɗa miki.

Kin ce ya sha kunun har ya nemi ƙari, ya ce ya gane tsamiyar. Na ce kada ki faɗa masa. Kin ce ba ki faɗa ba, harshensa ne ya faɗa masa. To shi ke nan.

Wassalam.
Riskuwa.

*

Birnin Kebbi,
ranar Litinin da azahar.

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina fatan wagga takarda ta same ku yadda nike roƙon Allah ta same ku. Da hannuna zan kawo ta. In na iso zan tsaya a zaure, Rauda ta fito ta karɓa, ta karanta muku ke da Izzuddeen, sannan in shigo. Na san bakina. In na gan shi kwance ba zai buɗe ba, in ya buɗe kuma faɗa zai fito.

Da safe na zauna kan bencin bakin ƙofa da allon a cinyata. Na bi shi da ido, na bi lambun. Ba abin da ya kuskure. Har tsagar randa da na liƙe da siminti tana nan, har reshen da guguwa ta karya ya warke a karkace. Rabin layin dogon yaro yana kwance a ƙasa an daddatsa, amma a jikin ƙarfen duk suna tsaye.

Ina nan sai Tamba ya zo ya ce za su kayar da dogon yaron da ke kusa da tsamiya, a gusa da randa kada reshe ya fasa ta. Munka ɗaga ni da shi. Kin san gurbin randa, shekara da shekaru tana tsatsafo a wuri ɗaya, lakar ta yi laushi ta yi sumul kamar an shafe ta da hannu. Injin ya fara feso garin itace, na ji tsoron ya cika tsagogin allon, sai na durƙusa na kifa shi a wurin. Da anka gama na zo tashi gwiwa ta ƙi. Na dafa bayan allon da duk nauyina na miƙe, sannan na ɓamɓaro shi.

Umma, lambun ya fito a laka. Layuka siri-siri sun taso kamar jijiyar ganye. Ga rijiya, ga kujeru. Ga tsamiya a hagu. Ga tsoho yana miƙa moɗa da hagu.

Ba Izzuddeen a wurin, ba injin buga hotonsa, ba tawadarsa. Ni na kifa, ni na danna. Na dubi allon da ke hannuna, tsamiya na dama. Na dubi ƙasa, tana hagu. Na shafe lakar da tafin hannu na sake dannawa, ta sake ƙetarewa. Na ce Tamba ya zo ya danna da nasa hannun ko nawa ne ke da wani abu. Ya danna, haka ta fito. Sai na zauna a ƙasa, rigata cikin laka, masu inji sunka kashe injin suna kallona, ba wanda ya ce Baba ya fara.

Yaron nan ya zauna gabana da ciwo a cikinsa, yana tsaga gaskiya da allura layi bayan layi, bai bar ko reshe ba. Ni kuwa ina nan ina jiran ya tashi daga shimfiɗar jinya ya gyara abin da bai ɓata ba.

Na ce wa Tamba zan tafi Argungu. Ya ce Baba ka tuna abin da na faɗa maka. Na ce na tuna, ba zan riƙe shi da komai ba. Munka mai da randa gurbinta, na ja ruwa na cika ta. Na tsaya gindin tsamiya na yi addu'a. Sannan na kira sunanta, Umma, da bakina. Na ce Mansura, zan je wurin ƙanenki.

Izzuddeen, da kai nike yanzu. Hotonka daidai yake, ba sai ka gyara komai ba. Ka yi aikin da na sa ka, ka yi shi da kyau. Ka yafe wa babanka. Ina zaure.

Riskuwa.

*

Birnin Kebbi,
ranar Alhamis.

Zuwa ga iyalina Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Yaya haƙuri? Yaya Rauda da zaman takaba, yaya Humaira? Allah shi jiƙan Izzuddeen, shi yi masa rahama, shi haskaka makwancinsa, shi ba mu ikon ɗauka. Ki zauna da yarinyar nan har ta fita, kada ki damu da ni. Matar Kalilu na aiko mini da tuwo, miyar ba gishiri amma ina ci. Kalilu ya ce ba zai rubuta wannan ba. Ya rubuta.

Akwai abin da ya faru kina madafa kwana biyu kafin rasuwarsa, ban faɗa miki ba don mutane sun yi yawa. Ya nemi ruwa. Na tallafi kansa na miƙa masa kofi. Ya tsaya yana kallon hannuna, sai na ga bakinsa ya motsa irin na lokacin da yake yaro in zai yi tsokana. Ya ce, “Baba, daga nan inda nike kwance, hannun nan naka a haguna yake.” Na ce, “Rufe mini baki ka sha ruwa, ja'iri.” Ya yi dariya har ta koma tari, ni ma na yi, na juya fuskata ga bango.

Da ya huta ya ce ya so ya sake tsaga wani allon ta cikin madubi don takardar ta fito daidai, ƙarfi ne ya ƙare, ya kuma ji tsoron lambun ya riga shi tafiya. Sannan ya tambaye ni wa na bari gadin tsamiya. Na ce Allah. Sai ya kama yatsana ya riƙe har barci ya ɗauke shi. Na gode miki da takardar nan da kika ɗaga mini murya a cikinta.

Daga tasha ban biya gida ba, lambu na wuce. Ba lambu, Umma. Katafila ta bi ta kai ta baje. An cike rijiya, an cire ƙofa, an ja ramukan harsashi an fara jera bulo. Na shiga tsakiyar filin na tsaya. Ni da ake aikowa a tambaye ni iyakar gonakin da, na duba gabas na duba yamma, ba itace ko ɗaya da zan kama in auna da shi. Na je nan na ce nan ne, na matsa can na ce a'a, nan ne. Na rasa inda 'yata take.

Abu ɗaya sunka bari, bencin simintin bakin ƙofa, don a kansa leburori ke cin abinci. Na je na zauna, na fito da allon daga jakata na karkata shi ga rana. Sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba, don kullum itatuwa nike kallo. Can bayan lambu, ta tsakanin rassa, ya tsaga hasumiyar masallacin unguwa da tankin ruwan da ke gefenta, ƙanana kamar ƙwayar gero. Gindin tsamiya yana tsakaninsu daidai. Na ɗaga kai. Hasumiya na nan, tanki na nan.

Tamba ya zo ya durƙusa ya yi mini gaisuwa, ya kasa haɗa ido da ni. Na ce ya tashi, ya ɗauki shebur ya yi ta tafiya, in na ce dama ya yi dama. Ina zaune inda ɗana ya zauna har mutumin ya shiga tsakanin hasumiya da tanki. Ya riƙa matsawa yana tonawa kaɗan-kaɗan kan layin, sai ga saiwar tsamiya, sai ga tsingaron randa da simintin da na liƙa a jikinsa.

Wurin ya faɗa cikin lungun da za a bari tsakanin layin shaguna biyu. Tamba ya ce wannan kam a hannunsa yake, ba zai zuba siminti a kai ba. Na sayo sabuwar randa, na kafa ta, Kalilu ya ara mini jarka ina ɗebo ruwa daga famfon masallaci. Waɗanda sunka fara sha su ne yaran da sunka sare itacen. Na miƙa musu, sun sha, sun yi wa mai ladan addu'a.

Ki faɗa wa Rauda allon ƙarfen na Humaira ne. In ta yi wayo ina raye, ni zan kawo ta in nuna mata hasumiya da tanki. In ba na nan, ke kin ji yadda ake yi.

Takardar kuwa tawa ce. Na fito da ita daga ƙarƙashin katifa, ta ɗan lanƙwashe a gefe, mai gilashi ya miƙar da ita ya sa mata katako. Tana rataye a ɗakina inda hasken safe ke faɗawa. Tsohon yana nan yana miƙa ruwa da hagu, na daina jin haushinsa. Jiya na tsaya gabansa na miƙa masa damata, sai na ga hannun nan nasa ne ya tarye ta.

Ki riƙa shan maganinki. Ki gaida Rauda, ki shafa mini kan Humaira. Allah shi haɗa fuskokinmu da alheri, shi haɗa mu da waɗanda sunka riga mu a inda ba rabuwa.

Mijinki,
Riskuwa, baban Mansura da Izzuddeen.